Sadin na Gwangwani: Kada a Zubar da Ƙayarsa

Giram 100 na sadin da aka tsiyaye wa mai yana ɗauke da furotin wajen giram 25 da sinadarin kalsiyum, mai ƙarfafa ƙashi, kusan miligiram 380. Akasarin kalsiyum ɗin nan a ƙayar yake, kuma zafin dahuwa ya riga ya tausasa ta, da cokali ma murƙushewa take. Abin takaici, da yawa cire ta suke yi. A kifin kuma ga bitamin B12 da D, ga man omega-3 mai amfanar zuciya.

Aibinsa gishiri. Mai hawan jini ya duba adadin sodiyum, wato sinadarin gishiri, da aka rubuta a jikin gwangwanin, ya tsiyaye ruwan. Gwangwanin da ya kumbura kuwa, ko ɗanɗanawa kada a yi, ƙwayar cuta mai dafi kan haddasa kumburin.