Sabon filashi ko faifan ajiya: wane fomat za ka zaɓa, kuma ta yaya za ka gane na jabu?

Duk wanda ya sayi sabon filashi, ko memori, ko babban faifan ajiya na waje, da zarar ya soka shi a kwamfuta zai yi masa fomat, sai Windows ta buɗe masa ɗan akwati mai sunaye uku: FAT32, NTFS da exFAT. Yawancinmu ba ma tsayawa dubawa, abin da muka tarar a kai shi muke dannawa. Alhali wannan zaɓin ne zai yanke ko talabijin ɗin gidanka za ta karanta filashin, ko dogon bidiyo zai shiga, da abin da zai rage a ciki idan aka ɗauke wuta ana tsakiyar kwafi.

Faifai kamar fili ne da ba a yanka ba. Fomat shi ne yanka shi fuloti-fuloti, a ba kowanne lamba, a buɗe rajistar da za ta riƙa nuna wane fayil ne ke zaune a ina. Tsarin wannan rajistar ne ya bambanta, kuma na'urar da ba ta iya karanta irin rajistarka ba, ce maka za ta yi babu komai a ciki, ko ta nemi ka sake fomat.

FAT32 shi ne dattijo a cikinsu. Microsoft ta fito da shi a 1996, kuma darajarsa ɗaya ce: kusan babu na'urar da ba ta san shi ba. Rediyon mota, 'yar lasifikar nan da dattawa ke saka karatun Alƙur'ani da wa'azi a ƙofar gida, tsohuwar talabijin, duk suna karanta shi. Amma ba ya ɗaukar fayil ɗaya da ya kai 4GB. Ni da sana'ata ɗaukar bidiyon ɗaurin aure da walima da tafsirin azumi ce, wannan aibin kaɗai ya isa in ajiye shi gefe. Ka gama haɗa aikin biki, fayil ya fito 7GB, mai biki na tsaye a kanka da filashinsa mai 32GB wanda babu komai a ciki, kwamfuta kuma ta ce fayil ya fi ƙarfin wurin. Shi gani yake kai ne ba ka iya aikin ba. Saboda wannan iyakar ne ma tsofaffin kyamarori ke daddatsa doguwar ɗauka gunduwa-gunduwa. Akwatin fomat na Windows da muka saba da shi ba ya ma ba ka FAT32 idan filashi ya wuce 32GB. Don haka wurinsa sananne ne: ƙaramin filashi mai 8GB ko 16GB na mota ko na lasifika, sai kuma filashin da masu gyara ke tayar da kwamfuta da shi, don sababbin kwamfutoci FAT32 suka fi ganewa a lokacin tashi.

Wanda nake so, kuma ba na ɓoyewa, shi ne exFAT. An ƙirƙiro shi a 2006 musamman domin filashi da memori, ya kawar da iyakar 4GB kwata-kwata. Babu bidiyon da za ka ɗauka a rayuwarka da zai cika masa ciki. Ƙungiyar da ke tsara ƙa'idar katin SD ta ɗauke shi a matsayin tsarin duk memorin da ya haura 32GB, wato masu tambarin SDXC. Shi ya sa idan ka sayi memori mai 64GB ko 128GB na gaskiya za ka tarar da exFAT a kansa tun daga kamfani, kuma sababbin kyamarori da shi suke aiki.

Abin da ya fi ja ni gare shi shi ne ba ya wariya. Windows na karantawa tana rubutawa. Kwamfutar Apple ma haka, tun 2010. A 2019 Microsoft ta wallafa bayanin tsarin a fili, Linux, wata babbar manhajar tafiyar da kwamfuta kamar Windows, ta shigar da shi cikin jikinta daga siga ta 5.4. A aikace ga abin da hakan ke nufi: ɗalibin Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo zai kwafi aikinsa daga kwamfutarsa, ya kai wa malaminsa mai MacBook ya yi gyara a kan filashin kai tsaye, ya wuce shagon buga takardu a buga masa, babu inda za a ce masa ba ya buɗuwa. Ni kuma in ba abokin ciniki bidiyonsa guda cur, ya kalla a Mabera, ya aika wa 'yan'uwa a Illela ko Ƙwanni, ba tare da na tambayi irin na'urar da za su saka shi ba. Ba shi da tarkacen izini da mallaka, wato ba ya cewa wannan foldar ta wane ce, kai ba ka da hurumin buɗewa. Kuma yana rage yawan rubuce-rubucen bayan fage, abin da ke da amfani ga filashi tunda kowane ɗigon ajiyarsa akwai iyakar yawan rubutun da zai jure.

Yana da rauni, kuma a garin nan raunin ba ƙarami ba ne. exFAT ba ya ajiye littafin ko-ta-kwana da zai koma gare shi idan aiki ya yanke a tsakiya. Idan aka ɗauke wuta kana kwafi a kwamfutar tebur, ko yaro ya fizge filashin, rajistar na iya hargitsewa. Maganinsa ɗabi'a ce: ka riƙa ba kwamfuta umarnin sakin filashi kafin ka zare, babban kwafi kuma ka yi shi a laftof mai caji ko a kan inbata. Sannan wasu tsofaffin talabijin da rediyon mota ba su san shi ba. Idan don su ka saya, koma wa FAT32.

NTFS, wanda ya zo da Windows NT a 1993, yana da wancan littafin ko-ta-kwana, don haka faifan da zai zauna a kan tebur yana aiki da Windows kaɗai, a ba shi NTFS, ba ni da ja. A filashin yawo kuwa wahala ce: Mac na karanta shi amma ba ta rubutu a kai, wayoyi da yawa ba sa ganinsa. Akwai wasu tsare-tsaren kuma: ext4 na mutanen Linux ne, Windows ba ta buɗe shi sai da dabara. APFS na Apple ne tun 2017, kuma daga gidan Apple bai san kowa ba. 

A cikin akwatin fomat ɗin akwai layin girman kowane fuloti. Ga filashin da ya wuce 32GB, Windows kan sa wa exFAT 128KB. Ga bidiyo wannan daidai ne. Amma takardar da ba ta wuce 5KB ba ita ma 128KB za ta cinye, ta yadda ƙananan fayiloli dubu goma za su kwashe sama da 1GB. Mai tara takardu da yawa ya sauko da shi 32KB. Ka sa wa filashin suna a layin suna, harafi 11 ya isa, don a shagon turi inda ake soka biyar a lokaci guda a san naka. Faifan da ya wuce 2TB sai an tsara shi da sabon tsarin raba faifai mai suna GPT, tsohon tsarin MBR ba ya ganin abin da ya haura haka. Memorin waya ko na kyamara kuma, bar na'urar ta yi masa fomat da kanta.

Duk wannan bayanin ya dogara ne a kan abu ɗaya: a ce filashin na gaskiya ne. Nan ne gizo ke saƙa.

An taɓa sayar mini da filashi da aka rubuta 128GB a jikinsa, cikin kwali mai sheƙi, mai shagon yana ce mini, “Malam, wanga na ƙwarai na, ka tahi da shi hankali kwance.” Kwamfuta ta nuna girman daidai. Fomat ya tafi lafiya. Na zuba masa bidiyon ɗaurin aure da na walima da hotuna, kowane fayil ya fito da sunansa da girmansa, babu ƙorafi ko ɗaya. Sai da uban amarya ya tara iyali za a kalla, na farko ya buɗe, sauran duk suka ƙi. Ya kira ni, murya a sanyaye, ya ce, “Ɗana, ashe haka za mu yi da kai?” Allah ya taimake ni ainihin ɗaukar na nan a faifaina, na sake kai masa. Amma wannan kalmar ta dattijo ta fi kuɗin filashin yi mini ciwo, kuma da na koma shagon cewa aka yi bairos ne na sa masa.

Ba bairos ba ne. A cikin kowane filashi akwai ɗan guntu mai ajiya da wani ɗan guntu mai kula da shi, wanda shi ne ke gaya wa kwamfuta girman wurin. Maha'inta kan ɗauki mai 8GB ko 16GB, su sake wa mai kulawar karatu ya riƙa cewa 128GB ne, ko 1TB. Kwamfuta ba ta aunawa, abin da aka gaya mata take maimaitawa. Kana kwafi, har ka cika wurin gaskiyar komai lafiya. Daga nan abin da ka ƙara ko dai ya zube a banza, ko ya hau kan na farko ya goge shi. Rajistar sunaye na nan a farkon faifan, shi ya sa kake ganin jerin fayilolinka reras alhali cikinsu fanko ne. Babu FAT32 ko NTFS ko exFAT ɗin da zai gyara wannan. Fomat na gaggawa, wanda shi ne Windows ke zaɓa maka tun farko, rajista kawai yake sabuntawa, ba ya leƙa sauran wurin, don haka na jabu na haye shi cikin daƙiƙa biyar. Gwajin da ake yi maka a shago, a tura waƙa biyu ko wa'azi ɗaya a kunna, shi ma ba ya nuna komai, tunda bai kai bakin iyakar gaskiyar ba.

Kada kuma ka zargi mai gaskiya. Idan ka sayi 64GB kwamfuta ta nuna 59 da ɗoriya, ko 128GB ta nuna 119, ko 1TB ta nuna 931GB, ba cuta ba ce. Kamfanoni da dubu-dubu suke lissafi, Windows kuma da 1024. Abin mamaki ma, na jabu ne wani lokaci ke nuna lamba cif-cif.

Gwajin da na yarda da shi guda ne: a cika filashin tun daga farko har ƙarshe, sannan a karanto abin da aka rubuta. Akwai ƙaramar manhaja ta kyauta mai suna H2testw, daga Jamus, aikinta ke nan. Masu Linux da Mac suna da F3. Kana zaɓar filashin, ka ce ta gwada dukkan wurin, ka bar ta. Idan na gaskiya ne za ta ce an gama babu kuskure. Idan na jabu ne za ta fito da gargaɗi, ta gaya maka giga nawa ne lafiyayye, nawa ne ya ɓace. Tana cin lokaci: filashi mai 64GB da ke rubuta 10MB a daƙiƙa zai kai kusan awa biyu kafin ya cika, ban da karantawa. Akwai kuma manhajar ValiDrive da ke tsallen-tsallen duba wurare daban-daban cikin mintuna kaɗan, ya dace da wanda ke tsaye a shago da laftof ɗinsa, amma a gida ka bi da cikakken gwajin. A watan Afrilu, lokacin da zafin Sakkwato ke haura digiri 40, ka yi shi a inuwa ko da dare, don filashin ƙarfe na ɗaukar zafi har ya rage gudu.

Tun kafin gwaji akwai alamu. Araha ba ta ado: idan 256GB na kusa da kuɗin 32GB, ka san akwai magana. Sunan SanDisk ko Kingston ko Samsung a jikin kwali ba hujja ba ne, don su aka fi kwaikwaya. Duba rubutun jikin memorin, na jabu sau da yawa yana da dishi-dishi ko ya karkace, wani ma farce na kankare shi. Memori mai tambarin SDHC da aka rubuta masa 64GB ƙarya ce tsagwaronta, domin SDHC a 32GB ya tsaya. Mafi muni su ne 'yan akwatunan nan da ake tallatawa a intanet a matsayin faifan ajiya na SSD mai 2TB ko 16TB a kuɗin banza. Waɗanda suka fasa su sun sha tarar da ƙaramin memori manne a ciki, wani lokaci har da guntun ƙarfe don ya yi nauyi a hannu. Tsohon faifai na hannu shi ma ana wanke shi a sa a sabon gida a ce sabo ne. Manhajar CrystalDiskInfo za ta nuna maka awa nawa ya yi yana aiki da ko ya fara samun wuraren da suka mutu, sannan ka cire alamar gaggawa ka yi masa cikakken fomat, wanda tun daga Windows Vista yake bin faifan gaba ɗaya yana rubuta sifili.

Ba kowane mai shago ne ya san kayansa na jabu ba ne, wani shi ma haka aka sayar masa a kwali. Don haka ba faɗa za ka je yi ba. Kafin ka biya ka ce masa, “Alhaji, zan je in gwada shi yau da dare, in bai cika ba gobe zan dawo maka da shi.” A rubuta wannan sharaɗin a rasit tare da girman da aka ce yana da shi. Wanda ya amince, saya a wurinsa ko da ya ɗan fi tsada. Wanda ya ce kayan wuta ba a mayarwa, ka yi masa sallama ka ƙara gaba. Idan gwajin ya fito lafiya, goge fayilolin da manhajar ta bari, ka yi masa exFAT, sannan ka fara zuba aikin mutane a ciki.