Gwajin kariyotaif: yana biyan buƙata idan an iya ɗaukar jinin

Magidanci dogo mai ƙananan maraina, an auna maniyyinsa ba a ga iri ko ɗaya ba. Ko budurwa gajera, ta kai shekara 16 ba ta fara al'ada ba. Irin su ne likita ke turawa gwajin kariyotaif a ɗakunan gwaje-gwaje masu zaman kansu, kuma a ganinmu kuɗin ba ya tafiya a banza.

Aikin gwajin ƙirga kromosom ne, wato zarurrukan da ke ɗauke da halittar gado a cikin ƙwayoyin jiki. Mutum na da 46, biyu daga ciki na jinsi: XX ga mace, XY ga namiji. Wajen samuwar ƙwan mace ko iri na namiji, wani lokaci biyun nan sukan ƙi rabuwa, sai ɗaya ya tafi da ƙari, ɗaya ya tafi da gibi. Daga nan ake samun 47,XXY, wato larurar Klinefelter, kusan namiji 1 cikin 600, da 45,X, larurar Turner, kusan mace 1 cikin 2,500. Ba laifin uwa ba ne, ba na uba ba, kuma galibi ba gadon dangi ba ne.

Inda ake yawan tafka kuskure shi ne wajen ɗaukar jini. Mililita 3 zuwa 5 ake zubawa a kwalba mai koren murfi, mai heparin (sinadarin hana jini daskarewa), ba mai murfin shunayya mai sinadarin EDTA ba. Dole ƙwayoyin jinin su isa da rai, domin za a rene su awa 72 kafin a tsayar da rabuwarsu, a rina su da wani rini mai suna Giemsa, a duba. Kada a daskarar da jinin, kada kuma a bar shi cikin mota a zafin bazara. Ya kamata jinin ya isa ɗakin gwaji cikin kwana biyu. In ba haka ba ƙwayoyin su mutu, a jira mako biyu ko uku, ƙarshe a ce a sake.

Ku tambayi ƙwaya nawa za a ƙirga. An saba da 20, amma in Turner ake zargi, a nemi 30, saboda wasu ƙwayoyin jikinsu gauraye ne, wasu 45,X wasu 46,XX, ƙirga kaɗan kan tsallake su. In aka ga ɓurɓushin Y a jikin yarinya, sai a gaggauta ganin likita, don akwai haɗarin fitowar ƙari, wato tsiro, a ƙwayayen haihuwarta.

Gazawarsa ɗaya ce babba: ba ya ganin ƙananan gibi a yankin AZF na kromosom Y, wanda ke da alhakin samar da iri. Namijin da sakamakonsa ya fito 46,XY amma babu iri, sai ya ƙara da gwajin PCR, mai iya gano irin waɗannan ƙananan gibin.