Baniyar Mitutoyo, bayan shekara biyu a aljihuna

Sana'ata sassaƙa ƙarfe a kan inji, a nan Panteka ta Kaduna. Kafin in sayi wannan baniya, wato ma'aunin kauri da faɗin ƙarfe, wata mai batir nake riƙewa, marar suna, wadda na saya da araha. Ranar da ta kunyata ni, mazaunin boris na auna wa wani mai injin niƙa. Batir ya yi sanyi, lambobi suna rawa, na yarda da su. Boris ya shiga yana lilo kamar ƙafar yaro a takalmin babansa. Ni na biya kuɗin ƙarfen.

Sai na cije na sayi baniyar Mitutoyo ta Japan, mai tsawon milimita 150. Ba allo, ba batir, zane ne kawai a jikin ƙarfe.

Wannan zanen ne ya kama ni. An ɗauki milimita 49 an raba gida 50 a kan ɓangaren da ke zamewa, kowane gida ya zama 0.98. Ka ga ya gaza milimita ɗaya da 0.02. To duk layin da ya yi daidai da layin milimita na jikin baniyar, ka ƙirga shi ka ninka da 0.02, ka samu abin da ido ba zai iya gani ba. Layi na 17 ya haɗu? 0.34 ke nan, ka ɗora a kan cikakkun milimitocin. Wani Bafaranshe, Pierre Vernier, ya fito da dabarar tun 1631. Yarona da ya gudu daga makaranta saboda lissafi, yanzu da bakinsa yake ninkawa, bai ma san lissafin yake yi ba.

Tana zamewa sumul, muƙamuƙanta suna haɗuwa ba ka hango haske a tsakani. Jeren sama na inci ne, yana ceto na idan aka kawo tsohon inji, ba sai na tsaya rabawa da 25.4 don mayar da milimita inci ba.

Amma kada ka auna ƙarfe yana saukowa daga inji. Mai kaurin milimita 100, idan ya fi baniyar zafi da digiri 20, ya kumbura da kusan 0.02, layi guda cur. Nakan ajiye su tare a inuwa in je in sha shayi.

Aikin karanshaf kuwa, wato sandar da ke juyawa a cikin inji, ba nata ba ne, na maikiromita ne, ma'aunin da ya fi ta gano ƙanƙanin bambanci. Sannan in magariba ta kawo jiki, sai na laluɓo tabarau kafin in gane layin da ya haɗu.