Kabewa ko garin bakteriya: wanne ya dace da karen da ke jan gindi a ƙasa?

Idan kare ya fara jan gindi a ƙasa yana lasar ƙarƙashin wutsiya, sau da yawa 'yan jakunkuna biyu da ke gefen duburarsa ne suka cika. Kashi mai tauri ne ke matse su idan zai fita. In kashin ya zama ruwa-ruwa, sai ruwan da ke cikin jakunkunan, mai ƙarni kamar na kifi, ya taru, har ya kai ga ƙurji.

Nan faiba, wato ɓangaren abincin tsiro da ciki ba ya narkarwa, ta yi fice. Dafaffiyar kabewa ba gishiri ba yaji, ko garin psyllium (ɓawon ƙwayar wani tsiro), suna tsotse ruwa su haɗa kashin ya yi kauri, shi kuma ya yi aikin matsewar. Ga arha. Sai dai a fara da kaɗan, a ajiye masa ruwan sha, don in an cika hannu, kumburin ciki da tusa za su biyo baya. Kada albasa ta shiga kaskonsa, guba ce gare shi.

Garin bakteriya masu amfani, irin FortiFlora na kamfanin Purina, hanji yake gyarawa, musamman bayan gudawa ko shan maganin kashe ƙwayoyin cuta. Ba ya ƙara wa kashi girma. Ga tsada, kuma bakteriyar rayayyu ne, zafin bazara a kanti na iya rage musu ƙarfi.

Ni kam in jakunkunan ne matsalar, kabewa zan fara ɗauka. In wurin ya kumbura ko yana jini, a wuce wurin likitan dabbobi kawai. Tsutsar ciki ma tana sa jan gindi.