Digirin Dakta: Ingila ko Amurka?

Ga wanda ya gama digiri na biyu a Jami'ar Bayero, Ingila ta fi sauri: shekara 3 zuwa 4. Za ka rubuta tsarin bincikenka, ka nemo farfesan da zai yarda ya duba aikin. Kuɗi ne cikas. In ba ka dace da tallafin karatu irin na Commonwealth (ƙungiyar ƙasashe renon Ingila) ba, kuɗin makarantar baƙi ya fi ƙarfin albashin malami.

Amurka kuwa shekara 5 ko 6 ce, biyun farko galibi a aji. Amma jami'o'i da yawa kan yafe kuɗin makaranta, su ba ka alawus kana taya koyarwa. Mai iyali a Kano zai ji jiki da wannan tsawo, ga wuyar biza. Duk da haka, marar tallafi Amurka zan ce ya nema.