Kwalin kayan farawa na tirelar tafi-da-gidanka: tiyon bahayan nan bai yi ba

Duk wanda ya sayi tirelar kwana a Amurka ya san kwalin nan. Ana gama sa hannu a takardu dila zai turo maka shi, wai kayan farawa, wai duk abin da kake buƙata a daren farko yana ciki. Ita tirelar yawanci daga masana'antun Elkhart na jihar Indiana take fitowa, kuma haka take zuwa fayau, ba tiyon ruwa, ba waigin tokare taya, sai igiyar wuta. Kuɗin kwalin kuwa sau da yawa cusa shi ake yi cikin lissafi. Na yi wata huɗu ina aiki da nawa a kan tirela mai tsawon ƙafa 24, taya huɗu, wutar amp 30, a wuraren yada zango na Texas da Oklahoma. Tauraro uku cikin biyar na yi niyyar ba shi.

Abin da ke ciki: farin tiyon ruwan sha mai ƙafa 25, ɗan ƙarfen tagulla na rage ƙarfin ruwa, tubalan roba guda 10 na daidaita tsayuwa, waigin roba biyu, na'urar kare kayan lantarki daga tartsatsin wuta, takardar banɗaki, maganin wari, sai tiyon bahaya na juye ƙazantar tirela mai ƙafa 10.

Tubalan kam sun yi. Kowanne kaurinsa kusan inci ɗaya, suna shiga cikin juna, ka jera su kamar matakala ka hau da tayoyin ɓangaren da ya yi ƙasa. Ba don jin daɗin barci kawai ake yi ba, firijin da ke aiki da gas ba ya son karkata, in ya daɗe yana aiki a karkace lalacewa yake yi. Farin tiyon ma ba laifi, ba ya sa wa ruwa ɗanɗanon roba.

To, tiyon bahaya.

Ƙafa 10 ɗin da aka rubuta a kwali, ƙafa 10 ce idan ka ja shi har ya miƙe iya miƙewa. Tiyon nan waya ce aka nannaɗe aka rufe da roba, faɗinsa inci 3, kuma idan ya miƙe gaba ɗaya robar da ke tsakanin waya da waya takan yi siriri har kana hango haske ta cikinta. A aiki dai ƙafa 6 ko 7 gare ka. A wurin juye ƙazanta na zango akwai dakalin siminti da ke hana ka matsowa sosai, bakin bututun tirela kuma yana bayan tayoyi ta gefen direba, saboda haka kusan kullum a miƙe tiyon yake isa ramin. Ɗaya ke nan.

Na biyu, ba su sa gwiwa a kwalin ba, wato lanƙwasasshen bakin nan da ake murɗawa a cikin ramin ƙasa ya zauna daram. Tsirarar bakin tiyo za ka zura cikin rami ka ɗora masa dutse. Na uku, kan da ke maƙalewa a jikin tirela da haƙora huɗu ba a haɗe ya zo da tiyon ba, zoben ƙarfe mai noti ne ke riƙe da shi, kuma zoben ba ya cizon waya da roba daidai wa daida.

A juyi na uku komai ya haɗu. Baƙin tankina, wato tankin ƙazantar banɗaki, galan 30 yake ci, ya kai kashi biyu cikin uku, wajen galan 20 ke nan, lita 75 da wani abu. Ana jan bawul ruwan nan ba zuba yake ba, tunkuɗowa yake gaba ɗaya. Tiyon ya yi tsalle kamar an taka maciji, bakinsa ya fice daga rami ya ture dutsen, a lokaci guda kuma wuyansa ya zame daga ƙarƙashin zoben. Daga jan bawul zuwa mayar da shi bai fi daƙiƙa huɗu ba. Daƙiƙa huɗu a bututu mai inci 3 ba wasa ba ne, jama'a. Takalmi, ƙafar wando, tayar tirela, dakalin gaba ɗaya, ga motoci uku a layi kowa ya ɗaga gilashi. Mu da najasa ba wari kaɗai take nufi a wurinmu ba, sai a yi tunanin wankin da ya biyo baya kafin azahar.

Da na duba tiyon bayan an wanke, sai ga ƙananan huji guda biyar a jere a cikinsa. Wannan kuma aikin bamba ne. Bambar baya ta tirela bututun ƙarfe ce mai kusurwa huɗu, inci 4, a ciki kowa yake ajiye tiyo. Tiyo yana shiga a jiƙe, ciki ya yi tsatsa, kowane shiga da fita tsatsar tana kankare robar da ke kan waya. Tiyo mai kauri yakan jure shekaru. Wannan ko wata biyu bai yi ba.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne akwai dabarar da za ta hana wannan duka, kuma ko 'yar takarda ba su sa a kwalin ba. Tankuna biyu ne na ruwan datti: baƙi na banɗaki, da ruwan toka na wanka da wanke-wanke. Bayan ka haɗa tiyo, fara jan bawul na ruwan toka na daƙiƙa biyar, ka rufe. In akwai yoyo ko tiyo zai zame, ruwan sabulu ne zai zubo maka. In komai lafiya, ja baƙin ya juye tas, ka rufe shi, sannan ka saki sauran ruwan tokan ya ɗauraye tiyon. Kada ka juye baƙin tanki yana ƙasa da kashi biyu cikin uku, nauyin ruwan ne ke kwashe daskararren. In bai kai ba, ka cika shi da ruwa ta masai. A zangon da aka ba kowace tirela raminta, kada ka bar baƙin bawul a buɗe, ruwa zai tsiyaye ya bar tsibi a ƙarƙashin masai ya bushe kamar tubali. Bayan kowane juyi ka zuba galan 3 zuwa 5 na ruwa a tankin. A nan dai masu tsarki da buta sun more, matsalar maƙwabtanmu kullum takarda da yawa ruwa kaɗan, mu kuwa tankinmu ba ya rasa ruwa, sai dai ya cika da wuri. Shi ya sa takardar banɗakin da maganin warin da suka cika kwali da su ban ga wani amfaninsu can ba.

Na maye gurbinsa da tiyo mai kauri guda biyu masu ƙafa 10 da ake haɗawa, kawunansu a manne daga masana'anta, da gwiwa mai garai-garai da kake ganin lokacin da ruwa ya washe, da 'yar gadar roba da ke riƙe gangara. Sai safar hannu ta yarwa, da takalmin roba da ba ya shiga ɗaki, da tiyon ruwa na daban mai wani launi don wanke tanki. Farin tiyon sha kada ya kusanci wurin nan, ko a ma'ajiya ɗaya kada su kwana.

Ina rubutun nan na tuna na'urar wuta, gaskiya tauraro uku ya yi yawa.

Abin da suka sa fitilu uku gare shi. Zai nuna maka in an juya wayoyi ko babu wayar ƙasa, zai shanye tartsatsin tsawa. Shi ke nan. Ba ya yanke wuta. Matsalar zango a watan Yuli kuwa ba tsawa ba ce, raguwar wuta ce. Ƙarfe uku na rana kowa ya kunna AC, wutar da ya kamata ta zama bolt 120 sai ta gangaro. Mita ta nuna min 101 a soket na cikin tirela, fitilun na'urar kuwa kore shar, wai lafiya lau. Wanda ya taso yana saya wa firij sitabilaiza ya san karatun: wuta in ta yi ƙasa, kwamfuresa sai ya ƙara jan amp, ya yi zafi, yau da gobe ya ƙone. Abin da ake buƙata shi ne na'urar da ake kira EMS, wadda take yanke wuta da kanta idan ta sauka ƙasa da 104 ko ta haura 132, ta kuma jira minti biyu da 'yan daƙiƙu kafin ta maido don kwamfuresa ya huce. Ta fi tsada nesa ba kusa ba, amma je ka tambayi kuɗin sabon AC na rufi. Kuma a saya mata kwaɗo, a jikin turken wuta na zango, inda ake jona tirela, take kwana a waje.

Amp 30 a bolt 120 wat 3,600 ne kacal. AC yana jan amp 13 zuwa 15, hitar ruwa ta lantarki wajen 12, na'urar ɗumama abinci wajen 10 ko fi. Biyu za su zauna tare, na uku zai kayar da bireka. Mayar da hita kan gas, ka huta. Kashe birekar turke kafin ka cusa filogi da kafin ka zare, in ba haka ba haƙoran filogin suna ta cin wuta suna baƙi. Ba su sa adaftar amp 50 zuwa 30 ba, wadda 'yan zango ke kira ƙashin kare saboda siffarta, alhali sau da yawa soket ɗin 30 na turke ya sassauta don yawan aiki, na 50 ne mai lafiya. Mai son a ja masa soket a gida kuma ya tsaya a kan mai gyara: soket ɗin tirela na amp 30 bolt 120 ne, yana kama da tsohon soket na injin busar da kaya mai 240. In aka haɗa shi a 240, duk abin da ke cikin tirelar ya tafi.

Ƙarfen rage ruwan yana aiki, sai dai ba shi da geji kuma yana shaƙe ruwa, wanka ya koma ɗigo-ɗigo. Wasu zangunan ƙarfin ruwan famfonsu ya haura psi 80, bututun tirela kuwa 40 zuwa 50 yake so. Mai geji da ake juyawa ya fi, a saita shi a 45, a ɗaura shi a bakin famfo kafin tiyo, don tiyon ma ya tsira.

Waigin kuwa raini ne. Roba ce fanko, mara nauyi, kuma biyu kacal ga tirela mai taya huɗu. A kan tsakuwa zamewa suke. Tirela ba ta da birkin hannu, da zarar ka ɗage ta daga kan ƙwallon ƙarfen da ake maƙala ta a bayan mota, waigi kaɗai ke riƙe da ita, ƙafafun nan huɗu na kusurwa don hana girgiza aka yi su, ba don riƙo ko ɗagawa ba. Ana buƙatar waigi huɗu na baƙar roba mai nauyi, a sa su kafin a kwance, a cire bayan an ɗaura.

Babu gejin iskar taya, babu sifana mai awon ɗauri. Notocin sabuwar tirela suna sassautawa, ana sake ɗaure su bayan mil 10, da 25, da 50 na farko. Iska kuma da safe ake aunawa taya na sanyi, a bi lambar da ke kan takardar da aka manna a gefen hagu na gaban tirela.

Tauraro biyu, kuma tubalan nan da farin tiyo ne suka ci su. In dila ya ce kwalin kyauta ne, karɓa ka zaɓi waɗannan biyun. In kuɗi ya sa masa, ka ce ya cire daga lissafi. Tiyon bahayan kuwa na yanka shi gida uku kafin na jefa a shara, kada wani ya tsinta ya ce ya samu.