Soket ɗin But: Abin Dubawa Kafin a Zaɓi Motar Amurka ko ta Turai

Kalmar but da muke kiran ma'ajiyar kayan mota da ita, daga Turancin Ingila muka aro ta, amma yawancin motocin tokunbo da ke shigowa Najeriya daga Amurka suke fitowa, inda ake ce wa wurin trunk, ko cargo area idan motar irin su Sienna da Highlander ce. Haka soket ɗin da ke wurin: Bature na Ingila zai rubuta socket, Ba'amurke kuma outlet. Mai karanta bayanin mota kafin ya biya kuɗi yana bukatar sanin wannan, domin sunan yana nuna masa ƙasar da aka ƙera motar dominta, ƙasar kuma ita ce ke nuna irin wutar da zai samu.

Soket mai zagaye, irin na abin kunna sigari, bolt 12 yake bayarwa a kowace ƙaramar mota, ta Amurka ce ko ta Turai. Sau da yawa fiyus ɗinsa na amfiya 10 ne, wato wat 120, wanda ya ishi cajar waya da ƙaramin firjin tafiya, amma wasu famfunan taya suna jan fiye da haka har su ƙone fiyus. Ya kamata a gwada ko yana ɗauke wuta idan an kashe mota, domin wanda ba ya ɗaukewa yana iya shanye batir cikin dare guda idan aka manta firji a jone.

Inda ake yawan yin asara shi ne soket mai kama da na gida. Na motar Amurka bolt 110 zuwa 120 yake bayarwa, da ramuka irin nasu, alhali wutar gidajenmu bolt 230 ce, filoginmu kuma mai ƙafa uku ne irin na Ingila. Cajar waya da ta kwamfuta galibi suna karɓar bolt 100 zuwa 240, saboda haka adafta kawai suke bukata, amma fanka ko injin aski da aka yi wa bolt 230 kaɗai ba za su yi aiki yadda ya kamata ba, kuma adafta ba ta sauya ƙarfin wuta. A duba yawan wat ɗin ma: wasu Sienna suna da na wat 100 kacal, 4Runner kuwa ana samunta da na 400. Motocin Turai masu wannan soket bolt 230 suke bayarwa, sai dai kada a ɗauko ta Ingila saboda shi, tunda sitiyarinta a dama yake, mu kuwa tun 1972 muka koma bin hannun dama.

A ganina, bai dace a ƙara kuɗi saboda soket ɗin bolt 120 ba. Gara a zaɓi motar da ke da lafiyayyen soket na bolt 12 a but, a sayi ƙaramar inbata, wato na'urar da ke mayar da wutar batir irin ta gida, mai fitar da bolt 230, idan kuma ta wuce wat ɗin da soket ɗin ke iya ɗauka, sai mai gyaran wutar mota ya ja mata waya daga batir da fiyus nata daban.